John Pym: Mai Karɓar Harajin da Ya Karya Sarkin Ingila

Duk lokacin da za a buɗe sabon zangon majalisar dokokin Birtaniya, ana yin wani abu da baƙo zai ɗauka tsagwaron rashin kunya ne. Sarki yana zaune da kambinsa a Majalisar Masu Sarauta, sai ya aiki wani jami'i mai baƙar sanda ya kira masa wakilan jama'a. Da isar jami'in bakin ƙofar Majalisar Wakilai sai a rufe masa ita garam a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe. Ana danganta wannan al'ada da ranar 4 ga Janairun 1642, ranar da Sarki Charles na Ɗaya ya kutsa zauren da kansa don ya kama wakilai biyar. A Satumban 2019 ma, da alƙalai 11 na Kotun Ƙolin Birtaniya suka taru a kan cewa Firayim Minista Boris Johnson ya saɓa doka da ya sa aka rufe majalisa har mako biyar, sai da aka koma ana tono rikicin wancan zamani. To amma in ana wannan hira, sunan Oliver Cromwell ne ke fara zuwa bakin mutane, alhali Cromwell ba ya cikin biyar ɗin da Sarki ya zo nema. A lokacin shi ɗan majalisa ne na baya-baya, ba a ma lissafa shi cikin manya. Wanda Sarki ya fi so ya damƙa wani mutum ne mai jiki da ake kira John Pym, shekarunsa 57, bai taɓa jan runduna ba kuma har ya mutu bai ja ba.

Ni a ganina Pym ne ya ci wa majalisa yaƙin basasar Ingila, kuma da littafin haraji ya ci shi. Na san masana da yawa ba za su yarda ba, zan zo kan hujjojinsu.

Farkon rayuwarsa ba shi da wani armashi. An haife shi a 1584, ɗan wani gidan masu gonaki na Brymore a gundumar Samaset. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa ta auri Sir Anthony Rous na Konwal, gidan da aka san su da tsananin riƙo da aƙidar Furotesta, a can ya tashi agola. Ya yi karatu a Okusfod, ya leƙa makarantar lauyoyi ta Middle Temple a Landan amma bai zama lauya ba. Matarsa ta rasu a 1620, bai sake aure ba. Abin lura ɗaya a duk waɗannan shekaru shi ne aikin da ya samu tun da ƙuruciyarsa: mai karɓar kuɗin shigar Sarki a gundumomi uku, Hamsha da Wilsha da Gulosta. Shekara da shekaru yana yawo kan doki yana bin haya da bashin gonakin sarauta. Saboda haka ya san abin da yawancin 'yan majalisa ba su sani ba, ko suka sani suka kau da kai, wato baitulmalin Sarki ramewa yake yi kullum. Harajin da majalisa kan yanka wa Sarki in ya roƙa, wanda a tsakiyar mulkin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya yake kawo kimanin fam 130,000, ya zube zuwa kimanin fam 55,000 a 1628. Dalili kuwa, attajiran karkara su ke ƙiyasta dukiyar junansu, kowa yana rufa wa ɗan uwansa asiri.

Ya shiga majalisa a 1621, kuma bakinsa ya ja masa ɗaurin talala na ɗan lokaci bayan an tashi. Daga 1624 ya zama wakilin garin Tavistock, kujerar da mai sarautar Bedford ke ba wanda ya ga dama. Yana cikin waɗanda suka gabatar da tuhuma a kan Buckingham, ɗan lelen Sarki, a 1626, yana kuma cikin masu goyon bayan takardar koken haƙƙoƙi ta 1628, wadda ta hana karɓar haraji ba da yardar majalisa ba da tsare mutum ba tare da bayyana laifinsa ba. A 1629 Charles ya gaji, ya sallami majalisa, ya yi shekara 11 bai sake kiranta ba.

Masu yabon Pym sukan yi tsalle su wuce waɗannan shekaru 11, kuma da dalili. A 1630 shi da wasu manya, irin su masu sarautar Warwick da Saye da Brooke, suka kafa kamfani don mallakar wani ɗan tsibiri mai suna Providence a tekun Karibiyan, daura da gaɓar Nikaraguwa. Yau tsibirin yana hannun Kolombiya. Pym ne ma'aji. Nufinsu a baki shi ne kafa gari na masu tsoron Allah, amma ba a jima ba garin ya koma sansanin fashin jiragen Sifaniyawa da noman taba da auduga, kuma da gumin bayi 'yan Afirka ake noman. A 1638 bayin suka yi tawaye, kuma lokacin da Sifaniyawa suka ƙwace tsibirin a 1641 kusan rabin mutanen da ke kansa bayi ne. Mutumin da ke kuka a Landan cewa taɓa dukiyar Bature ba da izininsa ba bautarwa ce, shi ne mai riƙe da littafin da ake rubuta kuɗin sayen mutane. Mai karatu ɗan Afirka ba shi da dalilin yafe masa wannan. Kamfanin dai ya yi asara, sai dai ya yi wa Pym amfani biyu. Ya koya masa neman rance da juya bashi, sannan taron masu hannun jari ya zama inuwar da 'yan adawa ke haɗuwa a lokacin da babu majalisa.

A can fada kuwa, Sarki yana ta tono tsofaffin dokoki don samun kuɗi. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne kuɗin jirgi, harajin da a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya lokacin yaƙi, sai Charles ya shimfiɗa shi kan ƙasa duka, kowace shekara. John Hampden, attajiri kuma abokin Pym, ya ƙi biyan sule 20 da aka yanka wa wata gonarsa. A 1638 alƙalai bakwai cikin 12 suka ba Sarki gaskiya, amma biyar da suka ƙi sun isa su sa mutane su fara noƙewa. Duk da haka da Sarki bai taɓo Sikotlan ba, da wataƙila ya ci gaba da mulkinsa ba majalisa har ya mutu. A 1637 shi da babban limamin Kantabari, William Laud, suka ƙaƙaba wa cocin Sikotlan sabon littafin addu'a. Mutanen ƙasar suka yi rantsuwar kare addininsu a 1638, suka ɗauki makamai. Yaƙi kuwa sai da kuɗi, ga aljihun Sarki wayam.

Dole ta sa ya kira majalisa a Afrilun 1640. Tsofaffin jagororin adawa sun ƙare: Sir John Eliot ya mutu a kurkuku, Sir Edward Coke ya tsufa ya rasu, Thomas Wentworth ya koma ɓangaren Sarki har ya zama mai sarautar Strafford. Sabbin wakilai suna ta kallon juna, ba wanda ya san ta inda za a fara. Ranar 17 ga wata Pym ya miƙe ya yi kusan awa biyu yana jera koke-koken ƙasa, na majalisa da na addini da na dukiya, cikin sanyin murya ba zagi. Daga ranar aka san wanda ke gaba. Sarki ya rushe wannan majalisa bayan mako uku, sojojin Sikotlan suka fatattaki nasa a Newburn a watan Agusta, suka mamaye arewacin Ingila, suka ce sai an riƙa biyan su fam 850 kullum kafin a gama sulhu. Ranar 3 ga Nuwamban 1640 wata majalisar ta zauna, wadda tarihi ya sa wa suna Doguwar Majalisa. Pym ya fahimci cewa muddin waɗannan sojoji suna ƙasar suna jiran kuɗi, Sarki ba zai iya korar kowa ba. Akwai alamu masu ƙarfi cewa shi da abokansa suna magana da su a ɓoye tun kafin su ƙetaro, abin da a dokar lokacin cin amanar ƙasa ne ƙarara.

Shari'ar Strafford ita ce tabon da ba ya wankuwa. Mako ɗaya da zaman majalisa Pym ya kai ƙararsa gaban Masu Sarauta bisa zargin cin amana, aka fara sauraro a babban zauren Wesminista ranar 22 ga Maris 1641. Matsalar ita ce cin amana a doka laifi ne da ake yi wa Sarki, Strafford kuwa duk abin da ya yi, a Ailan inda ya yi gwamna da hannun ƙarfe ko a Ingila, don Sarki ya yi. Sai Pym ya zo da wata fassara: wanda ya rusa dokar ƙasa ya raba Sarki da talakawansa, wannan ma cin amana ne, kuma ƙananan laifuffuka in an tara su suna zama babba. Babbar shaidarsa wata takarda ce da Henry Vane ƙarami ya kwafo a asirce daga akwatin mahaifinsa, sakataren Sarki, inda aka rubuta cewa Strafford ya shawarci Sarki ya kawo rundunar Ailan ya murƙushe "wannan masarauta". Wace masarautar, Ingila ko Sikotlan? Takardar ba ta faɗa ba, kuma doka tana son shaidu biyu. Strafford, da rashin lafiyarsa da komai, ya kare kansa har ya fara samun tausayin masu sauraro. Da aka ga shari'a za ta kuɓuce, sai aka ajiye ta aka kawo ƙudurin doka wanda kawai ya ce mutumin nan mai laifi ne, a kashe shi. Da farko Pym ya fi son a ƙarasa shari'ar, amma ya bi. Wakilai 204 suka amince, 59 suka ƙi, aka manna sunayen masu ƙin a bango don jama'a su san su. Ana cikin haka Pym ya fasa ƙwan wani shiri na hafsoshin Sarki na kawo soja Landan, gari ya ruɗe, dubban mutane suka kewaye fada suna ihu. Charles, wanda ya yi wa Strafford alkawarin ba abin da zai taɓa ransa, ya sa hannu. Ranar 12 ga Mayu aka sare kansa.

Wannan kisa ne da aka yi da ƙuri'a, ko da wane suna aka kira shi. Abin da za a iya faɗa wa Pym kawai shi ne ya san in Strafford ya tsira, kansa ne zai sauka. A cikin watannin nan dai majalisa ta yi dokokin da suka dawwama: dole a kira ta aƙalla sau ɗaya a shekara uku, an haramta kuɗin jirgi, an rushe kotunan musamman da Sarki ke hukunta masu suka da su. Ta kuma yi wata dokar da ta ce ba a rushe wannan majalisa sai da yardarta, dokar da daga baya ta zama alaƙaƙai.

Akwai wani abu da ya kusa faruwa a wannan bazara wanda ya fi komai ƙarfafa ra'ayina. An yi nisa da shirin sulhu inda mai sarautar Bedford zai zama babban ma'ajin ƙasa, Pym kuma ministan kuɗi, su gyara wa Sarki hanyoyin samun kuɗi, shi kuma ya riƙa mulki da mutanen da majalisa ta amince da su. Wato burin Pym a lokacin shi ne ya cika baitulmalin Charles, in dai makullin yana hannun da ya yarda da shi. Agana ta kashe Bedford a watan Mayu, jinin Strafford kuma ya shiga tsakani, shirin ya mutu.

Daga nan abubuwa suka yi ta taɓarɓarewa. A Oktoba wani ya aiko wa Pym wasiƙa har cikin zauren majalisa, da aka buɗe sai ga tsumman da aka goge ƙurjin annoba da shi. A watan ne kuma Katolikan Ailan suka yi tawaye, labarin kashe-kashen Furotesta ya iso Landan an ninka shi ninkin-ba-ninkin. Dole a tura soja, to wa zai riƙe su? Pym ya ce ba za a miƙa wa Charles runduna ba, don ba a san inda zai juya bakin bindiga ba. Ya kawo wata doguwar takardar ƙorafi mai sakin layi sama da 200, wadda ta lissafa laifuffukan mulkin tun daga 1625. An yi ta muhawara har bayan tsakar dare ranar 22 ga Nuwamba, ta wuce da ƙuri'a 159 a kan 148, har wasu suka kai hannu ga takubbansu da aka zo maganar buga ta a raba wa jama'a. Tazarar 11 kacal. Mutane irin su Edward Hyde da Falkland, waɗanda da farko suke tare da shi wajen rage wa Sarki ƙarfi, sun ga abin ya wuce gona da iri, sun koma wancan ɓangare. A wannan lokaci ne abokan gaba suka laƙaba masa "Sarki Pym" don gori.

Da Charles ya yi haƙuri na 'yan watanni, da alama rinjayen zai dawo hannunsa. Sai ya ji raɗe-raɗin za a tuhumi matarsa, Henrietta Maria, Bafaranshiya kuma 'yar Katolika. Ranar 3 ga Janairu ya sa aka tuhumi Pym da Hampden da Denzil Holles da Arthur Haselrig da William Strode da cin amana, washegari ya taho da ɗaruruwan mutane ɗauke da makamai. An riga an tsegunta wa Pym, ana cewa wata babbar baiwar Allah ta fada, Lady Carlisle, ita ta aika. Su biyar suka zauna har sai da aka tabbatar Sarki ya kamo hanya, sannan suka sulale ta kogin Tems cikin kwalekwale. Sarki ya shiga, ya hau kujerar Kakaki, ya duba bai gan su ba, ya tambayi Kakaki William Lenthall inda suke. Lenthall ya durƙusa ya ce shi ba shi da idon gani ko harshen magana a wurin nan sai yadda majalisa ta umarce shi. Charles ya fita ana yi masa ihu. Ranar 10 ga wata ya bar Landan, bai sake shigarta ba sai da aka kawo shi shari'ar da ta kai ga sare kansa a 1649. Ranar 22 ga Agustan 1642 ya kafa tutar yaƙi a Nottingham.

Yawancin masu ba da labari daga nan sukan bi sojoji zuwa fagen fama, su bar Pym a Landan. Ni kuwa a nan nake ganin aikinsa ya fara. Majalisa ta shiga yaƙi da kuɗin karo-karo: attajirai suna kawo kwanukan azurfa, mata suna kawo zobba da 'yan kunne. Kowa yana zaton karo ɗaya za a yi a gama. Aka gwabza a Edgehill ranar 23 ga Oktoba ba wanda ya yi nasara, Sarki ya matso har Turnham Green a bakin Landan kafin mayaƙan sa-kai na birnin su tare shi. Sai aka gane abin zai ja, ga majalisa ba ta da ikon karɓar ko kwabo a doka, tunda doka ba ta cika sai da sa hannun Sarki. Rabin wakilan ma sulhu suke so ko ta halin ƙaƙa.

Cikin wata tara Pym ya gina abin da sarakunan Ingila suka kasa ginawa a shekara ɗari. A Nuwamban 1642 aka kafa kwamitin tilasta wa waɗanda suka ƙi ba da gudummawa su ba da rance. A Fabrairun 1643 aka yanka wa kowace gunduma harajin mako-mako, da kwamitin 'yan gari mai ikon kwashe kayan wanda ya ƙi biya. Landan kaɗai an rubuta mata fam 10,000 duk mako, wato sama da fam 500,000 a shekara, alhali kuɗin jirgin da aka yi ta kuka a kansa, na ƙasa gaba ɗaya, bai wuce kimanin fam 200,000 a shekara ba. Ba a taɓa tara duk abin da aka rubuta ba, amma ko rabinsa ya isa. A Maris aka yi dokar ƙwace gonakin magoya bayan Sarki. Sannan ya kawo wanda ya fi duka ɗaci, harajin kayan masarufi irin wanda Holan ke karɓa. Watanni kaɗan kafin nan majalisar da kanta ta fitar da sanarwa cewa masu yaɗa jita-jitar za ta sa irin wannan haraji maƙaryata ne. Da Pym ya gabatar da shi aka yi masa ca, wani wakili ya ce abin mamaki ne mai da'awar kare 'yancin talaka ya zo da wannan zalunci. Ya janye, ya jira. A Yuli, da aka sha kashi a jere, ya dawo da shi ya wuce: giya da taba da kayan shigowa da farko, daga baya har nama da gishiri. A Agusta aka halatta kamun soja dole.

Haka yake aikinsa kullum, kamar mai jan ragon da ba ya son shiga kasuwa, in ya ja ya ji turjiya sai ya sassauta igiya, in ya samu sarari ya ƙara taku biyu. Yakan bar masu son sulhu su aika wa Sarki tayi, don ya san Charles zai yi watsi da shi, in an dawo hannu rabbana sai ya ajiye musu sabuwar dokar kuɗi a gaba. In kuma ya ga jikin mutane ya yi sanyi, sai ya fito da labarin wata maƙarƙashiya. Wasu na gaske ne, kamar ta Edmund Waller da aka bankaɗo a ƙarshen Mayun 1643 har aka rataye mutum biyu, amma ya iya zaɓen ranar fasa kowace.

Damina ta 1643 ita ce mafi muni. Hampden ya samu rauni a Chalgrove ya mutu a Yuni. Aka karya rundunar majalisa a arewa da yamma, birnin Biristol, tashar jiragen ruwa ta biyu mafi girma a ƙasar, ya faɗi ranar 26 ga Yuli. A Agusta ɗaruruwan mata suka yi cincirindo a ƙofar majalisa suna neman zaman lafiya, suna cewa a miƙo musu Pym su jefa shi kogi. Shi kuwa ciwo ya riga ya ci cikinsa. A haka ya ƙulla yarjejeniya da Sikotlan, wadda wakilai suka yi rantsuwa a kanta ranar 25 ga Satumba: za su turo soja kimanin 20,000, majalisa za ta biya fam 30,000 duk wata, za a kuma gyara cocin Ingila ya kusanci nasu. Pym ba mai son tsarin cocin Sikotlan ba ne, amma ya haɗiye. Abin tambaya shi ne, da wane kuɗi za a biya fam 30,000 a wata in ba don dokokin Fabrairu da Yuli ba?

Ya rasu ranar 8 ga Disamban 1643, galibi ana ganin sankarar hanji ce. Magoya bayan Sarki suka baza cewa ƙwarƙwata ce ta cinye shi da rai saboda fushin Allah, har sai da aka ajiye gawarsa a fili mutane suka zo suka gani. An binne shi a cocin Wesminista inda ake binne sarakuna, majalisa ta ware fam 10,000 don biyan bashin da ya bari, abin da ke nuna wanda ya yi ta juya dukiyar ƙasa bai tara wa kansa ba. Wata guda bayan haka sojojin Sikotlan suka ƙetaro, ranar 2 ga Yulin 1644 aka karya rundunar Sarki a Marston Moor, arewa ta fita daga hannunsa. A wannan rana ne tauraron Cromwell ya fito sosai.

Masana tarihin zamanin Sarauniya Biktoriya, irin su S. R. Gardiner, sun ɗauki Pym gwarzon 'yanci, kakan mulkin majalisa. Akwai gaskiya a ciki, amma gwarzon 'yancin da ya tsare mutane ba shari'a, ya buɗe wasiƙun jama'a, ya ƙwace gonaki, sai an yi masa kwaskwarima da yawa kafin ya shiga wannan riga. Wasu, kamar John Morrill, sun fi ba addini nauyi, suna ganin yaƙin gaba ɗaya na addini ne. Wannan ta fi ƙarfi, domin Pym ya yi imani har zuciyarsa cewa akwai makircin Fafaroma na mayar da Ingila Katolika, kuma wannan tsoro ya sa ya zalunci Katolikan da ba su ji ba su gani ba. Sai dai masu irin wannan tsoro sun cika majalisar maƙil. Addini ya bayyana dalilin da ya sa ya shiga faɗan, bai bayyana dalilin da ya sa shi ne ya yi fice ba. Sai kuma John Adamson, wanda a littafinsa na 2007 ya nuna cewa manyan masu sarauta irin su Warwick da Bedford da Saye su ne masu kiɗan, Pym ɗan aikensu ne a zauren ƙasa. Na yarda da shi har zuwa 1641. Amma Bedford ya mutu, Warwick ya tafi teku yana jagorancin jiragen yaƙi, kuma dokar kuɗi daga Majalisar Wakilai take fitowa. Ba wani mai sarauta da ya zauna yana lallashin 'yan kasuwar Landan su ba da rance a kan harajin da ba a riga an karɓa ba. J. H. Hexter, a littafinsa na 1941, ya fi kowa kusa da gaskiya da ya nuna shi a matsayin mai riƙe tsakiya tsakanin masu son sulhu da masu son yaƙi, ko da yake an soki yadda ya zana ƙungiyoyin kamar jam'iyyun zamani.

Cromwell jarumi ne, ba musu. Amma Sarki ma yana da jarumai, Yarima Rupert bai gaza kowa iya hawan doki ba. Bambancin shi ne sojan majalisa, duk da bashin albashin da yake bi, ya fi na Sarki samun biya, na Sarki kuwa ya fi dogara da wawashe ƙauyuka har talakawa suka tsane shi. Sabuwar rundunar da ta karya lagon Sarki a Naseby a 1645 da harajin wata-wata aka riƙe ta, wanda jikan harajin mako-makon Pym ne.

Mu ma nan mun gaji wani abu daga wannan rikici ta hanyar Turawan mulkin mallaka. Sashe na 80 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya hana taɓa asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya sai da dokar kasafi, daga wannan tushe ya fito. 'Yan majalisarmu suna son wannan rabin gadon, su riƙe wa shugaban ƙasa kasafi har sai an saka musu ayyukan mazaɓu. Ɗaya rabin, wato majalisar da ta karɓi ikon kuɗi ita ce za ta fuskanci jama'a ta ce ga abin da za ku biya kuma ga inda ya tafi, ba kasafai ake rububinsa ba.

Kuɗin da Pym ya tara dai bai sayi abin da ya so ba. Yaƙe-yaƙen sun ci rayuka kusan 200,000 a Ingila kaɗai in an haɗa da waɗanda cututtuka suka kashe, cikin al'ummar da ba ta fi miliyan biyar ba sosai, abin da ya faru a Ailan kuma ya fi haka muni. Rundunar da harajinsa ya ciyar ita ce ta tsaya a ƙofar majalisa a Disamban 1648 ta tace wakilai, ita ce kuma Cromwell ya kori sauran da ita a 1653. Pym bai taɓa neman a kashe Sarki ko a kawar da sarauta ba. A 1647 mahauta da jama'ar kasuwar Smithfield suka ƙone ofishin harajin kayan masarufi a Landan.

Da aka dawo da sarauta a 1660, Charles na Biyu ya sa aka tono gawarwakin mutanen majalisa daga cocin Wesminista. A Satumban 1661 aka kwashe ƙasusuwan Pym tare da na wasu kimanin 20, har da na mahaifiyar Cromwell, aka zuba a rami ɗaya a harabar cocin St Margaret da ke gefe. Harajin kayan masarufi kuwa ba wanda ya taɓa shi. Majalisar 1660 ta mallaka wa Sarki da magadansa wani kaso na harajin giya har abada, a madadin tsofaffin haƙƙoƙin sarauta a kan gonakin manya da aka soke, wato attajirai suka sauke nauyinsu a kan mai sayen kofi ɗaya. A ƙarni na 18 wannan haraji ya zama babbar hanyar kuɗin shigar gwamnatin Birtaniya, da shi ake biyan ruwan bashin da ta riƙa ci tana gina jiragen yaƙin da ta mamaye tekunan duniya da su.